Ƙwaya Arba'in da Dilar Tudun Gishiri

Ranar Talata Kendal ya iso da akwatuna huɗu, kuma babu ko ɗaya mai kayan sawa a ciki. Na farko bindiga ce. Na biyu ƙafafun da ake ɗora bindigar a kai. Na uku na'urar auna gudun harsashi. Na huɗu kuwa wata 'yar fanka ce da ake ɗagawa sama ta gaya wa mutum ko ana iska. A jihar Wayomin fa, inda iska ba ta hutawa. Nerea tana tsaye a bakin rumfar tumaki tana kallonsa ya ɗaga fankar, iskar kuwa tuni ta yi gaba da jar hularsa har gindin shinge.

"Me ta ce, Farfesa?"

"Mil goma sha tara a awa."

"Madalla. Da ba ka zo ba da mun mutu ba mu sani ba."

Kendal mijin yayarta ne. Inshora yake sayarwa a birnin Denba, farauta kuma ya koye ta ne a waya, yana kwance a kujera. Ya zo ne ya kashe musu dilar.

Dilar mace ce, irin wadda a nan ake kira kayoti, fara-fara kamar tokar murhu, kuma kowa a kwarin nan ya san ta. Bara 'yan raguna ashirin da uku aka tsinta an maƙure su a wuya, kuma duk safiyar da aka tsinci gawa sai an hango ta zaune a kan Tudun Gishiri tana kallon gidan. Saboda haka Ama, mahaifiyar Nerea, ta yanke magana tana yanka burodi, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Saura kwana tara su fara haihuwa. Ko in ga fatar dabbar nan a kan shingena kafin tinkiyar farko ta sauka, ko in kira Dwayt mai sayen tumaki ya kawo mota ya kwashe garken. Ba zan sake kwasar gawa da kwando ba."

Garken na Aita ne, mahaifin Nerea, wanda ya rasu shekara biyu ke nan. Tumaki ɗari uku. Nerea ta bar makaranta tana shekara goma sha shida saboda su, kuma duk abin da ta sani a duniya ko dai tumaki ne suka koya mata ko littattafan da Aita ya bari a ɗakin ɗurin harsashi. Idan motar Dwayt ta shigo, ita sai dai ta koma Denba ta riƙa gyara wa Kendal takardu. Duk hunturun nan ta yi shi tana bin dilar da tsohuwar bindigar Aita. Dilar ba ta taɓa barin ta ta matso ba. Da ta hango rigarta sai ta narke cikin ciyawa.

Da yamma, suna cin farfesun rago da wake, Kendal ya tsayar da harsashi ɗaya a tsakiyar tebur, kusa da gishiri, kamar wanda ya kawo baƙo.

"Ama, ki dube shi da kyau. Ƙwaya arba'in kacal nauyin kansa, a awon masu ɗurin harsashi. Aita, Allah ya ji ƙansa, hamsin da biyar yake ɗurawa, harsashin zamanin da. Wannan ni na ɗura shi da hannuna. Ƙafa dubu huɗu da ɗari uku a daƙiƙa ɗaya. Rigarsa ta tagulla siririya ce kamar ɓawon albasa. Yana shiga ya fashe a ciki, ba ya fita. Fata ba ta lalacewa."

"Miƙo min wake," in ji Ama.

"Bututun bindigar kuma odarsa na yi, wata goma sha ɗaya ina jira. Na masu gasar harbin nesa ne. Zanen da ke cikinsa yana murɗa harsashi sau ɗaya a duk inci takwas. Na Aita kuwa sai inci goma sha huɗu. Kin ga bambancin, ƙanwata?"

"Na gani. Taka ta fi tasa saurin magana."

Washegari da gari ya fara haske suka zauna a gindin Tudun Gishiri, inda Aita ke ajiye wa tumaki dutsen gishirin lasa. Kendal ya kafa ƙafafun bindiga, ya ɗaga fanka, ya duba waya, sannan ya kunna wani akwati mai kukan zomo, irin kukan wanda ake yayyagawa da rai. Nerea ta kwanta a bayansa cikin rami, ta rufe kanta da buhu. Ba su yi minti goma ba dilar ta ɓullo, taku ɗari biyu, ta tsaya ta ba su gefe sarai.

Kendal ya ja kunama.

Dilar ta zabura ta ruga. Ta yi ɗan nisa sai ta ja birki, ta waiwayo. Ba gudun wadda aka yi wa rauni ba ne, kuma ba tsayuwar wadda ta tsorata ba ce. Kallo take yi kamar ta ji an kira sunanta an fasa.

Suka je wurin. An yi dusar ƙanƙara da daddare, tudun fari fat kamar sabon zanin gado. Ga sawunta nan. Harsashin da ya kuskure dole ya faɗi wani wuri, ya bar zane ko ɗan rami. Suka bi gaba, suka bi baya, suka bi hagu da dama. Babu.

"Iska ce," in ji Kendal.

"Fankar ta ce haka?"

Rana ta biyu dilar ta zo taku ɗari da hamsin. Ya harba sau biyu. Kunne ɗaya ta motsa. Rana ta uku bai ma kunna akwatin ba tukuna, yana kan ɗaure ƙafafun bindiga, ya ɗaga kai ya gan ta zaune a taku ɗari da ashirin, ta naɗe wutsiya a kan ƙafafunta. Ya harba sau uku. Tsakanin na biyu da na uku ta yi hamma, amma nesa ta hana a ga cikin bakin. Da ya gama sai ta tashi ta tafi a hankali, kamar wadda ta zo gaisuwa.

Suka koma gida. Da suka zauna cin abinci bai tsayar da harsashi kusa da gishiri ba.

"Ama, don Allah, akwai abin da ba ku gaya min ba game da dabbar nan?"

"Tana cin raguna."

"Ba shi nake nufi ba. Ni take kallo. Ta cikin madubin bindiga ina ganin idonta, ita ma tana ganin nawa. Kuma yau da safe na ga sawu a tsakar gida. Ba ta je rumfa ba, ba ta je wajen kaji ba. Motata ta zagaya. Sau biyu."

"Ƙila inshora take so," in ji Nerea.

Amma ita ma ba ta ci sosai ba. Domin da safen nan, ganin ta gaji da kallon dilar, sai ta kalli filin da ke tsakani. A harbi na biyu ta ga wani abu. Can wajen taku sittin, daidai tsayin bakin mutum, wani ɗan hayaƙi toka-toka ya bayyana a cikin iska, inda babu kowa. Ya tsaya ɗan lokaci, sak hucin mutum a safiyar sanyi, sannan ya watse. A harbi na uku ya sake fitowa a wurin. Kamar akwai wanda ke tsaye tsakaninsu da dilar, yana fitar da numfashi duk lokacin da harsashi ya zo. Kuma wurin nan ne Aita yake tsayawa ya ƙirga tumaki.

Ta yini tana juya abin a ranta. Sai da la'asar ta shiga ɗakin ɗuri, ta zauna a kujerar Aita, tsakanin sikeli da gwangwanayen albarushi, ta jawo littafinsa wanda man bindiga ya mayar da shafukansa kamar takardar tsire. Ta yi awa guda. Ta fito da kwali biyu na taliya a hammata.

"Farfesa, harsasan nan naka, ka taɓa harbin takarda da su?"

"Na auna gudunsu sau talatin."

"Na'urar a ina take zama?"

"Taku uku daga bakin bindiga."

"Da me ka saita madubin?"

"Da manyan harsasai, na gasa. Lissafin ƙananan kuma waya ta yi min."

"To taso."

Ta kafa kwali ɗaya a taku ɗari. Ya harba sau uku. Kwalin ya fito tas, ana iya mayar da taliya ciki. Ta kafa ɗayan a taku sittin da biyar. Ya harba sau ɗaya. Suka je suka tarar da shi ba rami ko ɗaya, sai feshin toka da 'yan tsagogi, kamar an yi masa atishawa da garin dalma.

"Ga aljaninka nan," in ji ta. "Bututunka na manyan harsasai ne dogaye. Ka sa masa ƙarami mai rigar albasa, ka cika masa albarushi har wuya. Ka taɓa ɗaura ƙwai a igiya ka wulwula? Murɗin ya fi ƙarfin rigar. Yana fita yana yayyagewa, kafin ya kai rabin hanya ya zama ƙura. Kwana uku kana yi wa dila turare."

Kendal ya daɗe yana shafa kwalin. Ta ɗauka kunya zai ji. Sai ta ga fuskarsa ta saki, kamar wanda likita ya ce masa ba cutar da yake tsoro ba ce.

"Amma gudun dai ya kai," ya ce.

"Ya kai. Shi kaɗai ya kai."

Ita ma ta ji sanyi a ranta, ko da yake wani ɓangare nata ya ɗan ji haushin littafin, don ta so a ce Aita ne ke tsaye a wurin.

Kowa ya san dilar da aka harba aka kuskure ba ta sake amsa kira. Wannan kuwa darasin da ta ɗauka daban ne. Ta koyi cewa mutumin nan mai jar hula ƙara ce kawai, kuma duk inda ya zauna babu mutuwa a wurin. Shekara biyu babu wanda ya taɓa samun ta a taku ɗari da ashirin.

"Gobe za ka koma ka zauna," in ji Nerea. "Da hularka, da fankarka, da komai. Ba za ka harba ba."

"To me zan yi?"

"Abin da zomon cikin akwatinka yake yi."

Sai dai a ranar aka sauko da garken filin da ke ƙarƙashin tudu, kusa da rumfa, saboda nonon tumakin ya fara cika. Washegari dilar ta canja wurin zama. Yanzu tana zama ne daidai tsakanin Kendal da tumakin, bayanta duk ulu. Ya koma hagu, ta koma hagu. Nerea ta hango ta da madubin hangen nesa daga saman rumfa.

Akwai harsasan Aita arba'in da ɗaya a gwangwanin kofi, masu ƙwaya hamsin da biyar, masu kauri. Su ba ruwansu da iska sosai. Amma sukan ratsa dila su wuce, kuma a kan daskararriyar ƙasa sukan yi tsalle su ci gaba da tafiya. Bayan dilar kuwa tumaki ne masu ciki. Ƙaramin, na Kendal, shi ne ba ya fita, idan kuma ya taɓa ƙasa nan yake mutuwa. Shi kuma iskar da za ta ɗaga gashin goshi ta isa ta kauce da shi. A gefen shafin Aita ya rubuta da fensir: mai sauƙi sai safiyar da hayaƙin murhu ya miƙe.

Ta zare kawunan harsasan Kendal guda goma, ta zubar da albarushinsa a tukunyar furen Ama, ta ɗura su a kwansunan Aita da awon da ke cikin littafin, tana ɗiga ƙwayoyin ƙarshe ɗaya-ɗaya har allurar sikeli ta kwanta. Ta kai kwali bayan gida, can nesa da tudu. Biyar suka shiga wuri ɗaya, murfin kwalba zai rufe su. A tsohon bututu mai murɗin kasala, rigar albasa ta riƙe.

Sai iska ta ce ba ta san zancen ba. Kwana huɗu tana bugawa. Kullum da safe Nerea takan fito ta kalli bututun murhu, ta ga hayaƙi kwance kamar wutsiyar doki, ta koma. Kullum Kendal yakan tafi ya zauna awa guda, dilar ta zo ta zauna, su yi ta kallon juna. Ya daina aske gemu. Ya daina faɗin gudun komai. A rana ta bakwai ya dawo ya ce, "Yau taku casa'in," ya shige ɗaki. A ranar ce Ama ta nemo lambar Dwayt ta manna a jikin firiji.

Safiya ta takwas hayaƙi ya miƙe sama kamar an ja shi da zare.

Nerea ta kwanta a bayan motar Kendal ƙarƙashin damin ciyawa. Da suka zo kwalbatin da ke gefen tudu ya rage gudu, ta mirgina cikin rami, motar ta wuce. Ya je wurinsa ya sauka shi kaɗai. Ya kafa ƙafafu. Ya ɗaga fanka, fanka ta ƙi juyawa. Shirun ya yi yawa har tana jin ƙararrawar wata tinkiya can ƙasa.

Ba ta ga zuwan dilar ba. Wurin babu komai, ta ƙifta ido, sai ga ta zaune kusa da wani ɗan kurmi, ta naɗe wutsiya, tana kallon jar hula. Taku ɗari da sittin daga ramin. Bayanta tumaki. Nerea ta ɗora gicciyen madubi a farin gashin ƙirjinta, ta saki rabin numfashi, ta matsa kunama.

Ta ji ƙarar isar harsashin, tap, kamar an bugi matashi da tafin hannu. Babu hayaƙi a tsakani.

Dilar ba ta faɗi ba.

Tana nan zaune. Kunnuwa a tsaye. Minti ɗaya ya wuce, biyu. Nerea ta tura wani harsashin. Can ta ji muryar Kendal, siririya kamar ba tasa ba.

"Nerea? Kin gani ko? Kin gani?"

Ta miƙe tsaye, abin da kullum yake sa dilar ta ɓace. Wannan karon dilar ba ta motsa ba. Nerea ta taka zuwa gare ta da bindiga a kafaɗa, Kendal yana binta a baya yana riƙe da fanka kamar za ta kare shi. Sai da suka zo dab suka ga ta jingina ne da kurmin, rassan sun tallafe ta. Idonta a buɗe, har yanzu yana kan inda ya zauna. Babu ɗigon jini ko ɗaya. Nerea ta hura gashin ƙirjin ta sami ramin, bai kai ƙwayar wake ba.

"Na gaya muku," in ji Kendal. "Ba ya fita. Fata ba ta lalacewa." Ya koma mota ɗauko waya don hoto.

Nerea ta durƙusa. Ta ɗaga dabbar ta ji ba nauyi, ƙashi da gashi. Sai ta sa babban yatsa ta buɗe bakin.

Fiƙoƙin nan huɗu babu su. Biyu sun karye tun tuni, biyu sun siɗe har dasashi. Sauran haƙoran kamar tsakuwar rafi. Ta tuna 'yan ragunan bara, da ita ta kwashe su da hannunta: kowanne ramuka huɗu a wuya, masu zurfi, yatsanta yana shiga har gaɓa. Wannan bakin ko ɓawon burodin Ama ba zai iya ba. Ɓeraye take ci da fara, da abin da wasu suka rage.

Ta ɗaga kai ta dubi can bayan garken, gefen da kwana takwas babu wanda ya kalla. A bin shingen ƙasa, kan farar ƙanƙara, layi biyu na sawu sun tafi a jere, manya, sababbi.

Ta rufe bakin kafin Kendal ya dawo.

Da suka kawo dilar gida Ama ta fito tana goge hannu da tsumma. Shekara talatin ita ke feɗe wa Aita. Ta shafa bayan dilar, ta juya ta, ta yaba ramin da kai. Sannan ta sa yatsa a bakin. Ta daɗe a haka. Nerea tana kallon takalminta. Kendal yana bayanin rigar tagulla.

Ama ta zare yatsan, ta rufe bakin da kyau, har ta ɗan danna haɓar. Ta shiga ciki. Ta tagar kicin suka ji ta.

"Dwayt? Ni ce. Ka bar motarka. Bana ba ma sayarwa."

Da ta fito ta miƙa wa Nerea wuƙar fiɗa ta ƙota.

"Ki rataya fatar inda za a gani daga hanya. Kan kuma ki binne shi." Ta dubi wajen tumakin. "Ki kai gadonki rumfa yau."

"To, Ama."

Tinkiyar farko ta sauka washegari da hantsi, tagwaye. Kendal ya loda akwatunansa huɗu, ya bar mata sauran ƙananan harsasan kyauta, ya ce idan tana da tambaya ta kira shi. Iska ta dawo, hayaƙin murhu ya kwanta.

Nerea ta fito daga rumfa hannunta duk majinar haihuwa, ta kalli Tudun Gishiri. Masu manyan sawun nan ne, su biyu, a zaune, baƙaƙe-baƙaƙe, manyan kafaɗu, can wajen taku ɗari shida, inda ko mai hamsin da biyar ba zai kai da hankalinsa ba. Motar Kendal ta bi ta ƙarƙashinsu da jar hula a kan gilashi, tana tayar da laka. Ko kai ba su juya ba.

Ita suke kallo.